Taku Ɗaya Cikin Ƙofar Maƙwabta

A layinmu na Nishijin, cikin tsohon garin Kyoto, ba a cika tambayar tsohuwa lafiyar jikinta ba, don ko an tambaya ba gaskiya za ta faɗa ba. Ƙofar gidanta ake dubawa. In ƙarfe bakwai na safe ta yi aka tarar an share an yayyafa ruwa, to tana nan daram, ko da tari ya kusa tsaga mata ƙirji. In kuwa ganye ya kwana biyu a bakin ƙofa, nan da nan za ka ga 'ya'ya sun sauko daga jirgin ƙasa da akwatuna da fuskar tausayi.

Kuze Tomie ta shekara hamsin da biyar tana sharar ƙofa ɗaya. Tana da shekara ashirin da uku aka kawo ta gidan masaƙa daga wani ƙauyen bakin teku, ƙaƙƙarfar yarinya mai neman a yabe ta. Washegarin tarewarta ta tashi tun duku-duku ta share ƙofarsu, ta ga ko gumi ba ta yi ba, sai ta zarce ta share ta gida huɗu. Uwar mijinta ta fito, ta duba hagu ta duba dama, ta yi wani murmushi mai sanyi.

"Kai, amarya akwai himma. Je ki sa kimononki mai kyau mu je mu ba mutane haƙuri."

Ranar ta koyi dokar layi. Kowa ya share gabansa har tsakiyar hanya, sannan ya shiga gaban maƙwabcin hagu taku ɗaya, na dama ma taku ɗaya. In kika tsaya cak a kan iyaka, kin nuna ke marowaciya ce, ba ruwanki da kowa. In kika wuce taku ɗaya, kin ce wa maƙwabciyarki ƙazama ce ko kuma ta gaza, kuma a bainar jama'a kika faɗa. Tomie ta rusuna a ƙofa huɗu ranar, da kwalin alawar wake a hannu da hawaye a ido, ba ta kuma ƙara wuce takun nan ba ko da faɗin yatsa.

Mijinta Kiyoshi ɗamarar kimono yake saƙawa, mutumin da in ya yi magana goma a yini sai a ce yau ya cika surutu. Masaƙarsa ce ke magana a madadinsa, ƙwas-ƙwas tun safe har yamma. Da ya rasu, shekara goma sha biyu ke nan, shirun gidan ya nemi ya zautar da ita. Sai ta je wata makarantar koyon Japananci da ke hayin kogi, ta ce tana da ɗaki a sama, a ba ta ɗalibi ɗaya duk shekara, sharaɗinta kawai ya zama mai ci da yawa. Ta riƙe goma sha ɗaya kafin wadda zan ba ku labarinta. Akwai ɗan Italiyan da ya rungume malamin gidan ibada ya sumbace shi a kumatu biyu, akwai 'yar Thailand da har gobe take aiko mata hoton kowane jariri da aka haifa a danginsu. Dukansu Okasan suke ce mata, wato Mama, kuma babu wanda ta taɓa ce wa ya yi kuskure. Mu nan ba ma yin haka. Yaba mutum muke yi har sai ya gane. In ɗalibi ya dame ta da kiɗa, sai ta ce, "Hannunka ya faɗa sosai, har ƙarshen layi ana jin daɗi." Mai hankali sai ya daina. Ɗan Italiyan ƙara ƙarfi ya yi.

Ɗa ɗaya gare ta, Tetsuro, yana aiki a Yokohama, a bene hawa na goma sha huɗu yake zaune. Ya gyara mata ɗaki can, da gado mai tashi da kansa da taga mai kallon teku. Tomie ta je ta gani sau ɗaya, ta leƙa ƙasa ta hango mutane kamar tururuwa, ta tambaya ina ake sharewa. Aka ce kamfani ke yi. Ta dawo gida. Da ya matsa mata, sai suka yi alkawari a gaban hoton mahaifinsa: ranar da tsintsiya ta fi ƙarfinta, za ta haɗa kayanta ta bi shi ba gardama. Tana da saba'in da biyar lokacin, ta ɗauka ta yi masa wayo.

Yanzu tana da saba'in da takwas, kuma bayanta ya fara juya mata baya. Faɗin ƙofar gidan taku goma sha biyu ne kacal, kamar sauran gidajen layin, amma abin da take yi a minti goma ya koma rabin awa, da tsayawa tana dafa bango kamar mai duba ko fenti ya bushe. Tana tsoron Yokohama fiye da yadda take tsoron mutuwa, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ga kuma maƙwabta. A hagu akwai Ogura Setsuko, shekara ɗaya aka kawo su layin suna amare, kuma tun daga lokacin suke yabon juna da wuƙa a ƙarƙashin harshe. A dama akwai tsoho Hatta, wanda ya yi ritaya daga raba wasiƙu, kunnensa ɗaya ya mutu ɗayan yana jinya. Shekara uku ke nan Tomie na cika tana batsewa da Ogura, don ta lura takunta ya fara tsawo.

"Matar nan ƙafar giwa gare ta," take ce wa hoton mijinta tana ajiye masa shayi. "So take a ce na gaza. To ta jira."

Ana cikin haka makaranta ta aiko mata Halina, 'yar Poland, mai shekara talatin da huɗu. Nas ce, ta ajiye aiki ta zo ta yi shekara ɗaya tana koyon harshe da al'ada. Doguwa ce, sai ta sunkuya take shiga kowane ɗaki, kuma ta cika sharaɗin ci har da ƙari. Tana da ƙwazo, tana da ɗan littafi da take rubuta duk abin da ta gani. Matsalarta ɗaya ce: abin da ka faɗa shi take ji, ba ƙari ba ragi.

Watan Nuwamba ya kama, bishiyar ginko da ke gidan ibadar ƙarshen layi ta fara zubar da ganyenta rawaya. Wata safiyar Litinin, ƙarfe bakwai saura, ƙofofi goma sha ɗaya suka buɗe, tsofaffi goma sha ɗaya suka fito da tsintsiyar gora, suka tsaya turus. Layin fes, tun daga shagon mai awara har ƙofar gidan ibada, an share an yayyafa ruwa. Ba wanda ya kalli wani. Ganye ɗaya ya sauko yana lilo, tsoho Hatta ya bi shi da gudu-gudu ya share shi sau uku don dai a ga ya yi wani abu. Halina tana tsaye a ƙofar Tomie da jakar makaranta, baki har kunne.

Ogura ta matso a hankali, ta rusuna.

"Kuze-san, ina kwana. Kai, mun gode fa. Ashe haka layin nan yake da kyau in an share shi. Mu dai shekara hamsin muna ta jagwalgwalo."

Tomie ta rusuna ita ma. "Haba Ogura-san, baƙuwa ce, ba ta san komai ba."

"Wace baƙuwa, ai malama ce muka samu. Ko za ta shigo ta duba mana madafa ma, mu ƙaru?"

Halina ta gane kowace kalma, abin da ya ƙara mata daɗi ke nan. Ta rusuna har jakarta ta zubo. "Zan zo! Ranar Asabar ba ni da aji."

Da rana Tomie ta sa kimononta mai kyau, ta bi gida goma da kwalin alawa tana ba da haƙuri, bayanta yana sara. Su kuma maƙwabta ba za su zauna da nauyin alheri a wuya ba, sai rama kyauta ta fara: wannan ya aiko lemu, wancan awara, wata biskit ɗin shinkafa. Halina ta dawo ta tarar da zaure cike da kaya.

"Okasan, duk wannan saboda shara? Mutanen nan suna da kirki!"

"Halina-san," in ji Tomie tana zuba mata shinkafa, "mai karatu barci yake buƙata. Barcin safe yana gyara ƙwaƙwalwa, haka likitoci ke faɗi."

"Ni nas ce, Okasan, awa biyar ta ishe ni."

"Sanyin asuba kuma yana kama ƙirji."

"Wannan ne sanyi? A garinmu da irin wannan muke wanka a tafki."

"Mutanen layin nan suna jin nauyinki ƙwarai."

"Ki ce musu kada su damu, ina jin daɗin yi!"

Washegari ta sake. Tomie ta ɓoye tsintsiyar a bayan masaƙar marigayi. Halina ta neme ta sama da ƙasa ba ta gani ba, ta yi ta ba da haƙuri wai ita ta ɓatar, ta dawo da yamma saɓe da wata jar tsintsiyar roba mai faɗin ƙofa, irin wadda ake share tashar jirgi da ita. Da wannan, minti ashirin take gama layin. Tsofaffi suka koma fitowa suna sharar dutse tsirara. Tsoho Hatta aka ce har ganye yake tarawa a leda da yamma, ya zuba a ƙofarsa da safe don ya samu abin yi.

Kwana na tara ya zo daidai da addu'ar tunawa da Kiyoshi. Tetsuro ya iso da hantsi, ya tsaya gaisawa da mai awara, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa.

"Tetsuro-san, barka da zuwa. Ai mun yi wa Okasan murna, ta samu mai yi mata shara, ta huta."

Tetsuro ya jira sai da malamin gidan ibada ya gama karatun addu'a ya sha shayinsa ya tafi. Sannan ya gyara zama a gaban hoton uban.

"Okasan, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tsintsiya."

"Surutun mai awara za ka ɗauka? Mutumin da ya ce an yi girgizar ƙasa ranar da matarsa ta faɗo daga kan kujera?"

"To shi ke nan. Zan kwana. Gobe da safe zan tsaya a tagar sama in gani da idona. Mun yi alkawari, a nan wurin muka yi shi."

Tomie ta tashi. Ta kama matakalar benen da ta shekara biyu ba ta hau ba, ta hau da hannu da gwiwa, ta ja ƙofar Halina ba ko sallama. Abin da ba ta yi ba a shekara hamsin da biyar, ranar ta yi shi: ta faɗi magana kai tsaye.

"Halina. Kada ki ƙara taɓa tsintsiya a layin nan. Kin kunyata ni, kin zagi gida goma kwana tara a jere, alawar nan ta ban haƙuri ce, lemun nan na jin haushi ne, kuma saboda ke gobe za a kwashe ni a kai ni Yokohama in mutu a hawa na goma sha huɗu."

Halina ta yi tsuru-tsuru, alƙalami a hannu. Can ta ce a hankali, "Okasan, kin san yau ne karo na farko da na gane duk abin da kike nufi?" Sai kuma ta fashe da kuka, kuka na ƙatuwar mace, har tagogi na amsawa.

Tomie ta zauna a bakin shimfiɗa, don dai ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ta yi mata bayanin doka dalla-dalla: naka, tsakiyar hanya, taku ɗaya hagu, taku ɗaya dama. Halina ta share hawaye, ta ɗaure fuska, ta jawo ɗan littafinta.

"To amma dokar nan ba haka ake yin ta ba."

"Ke za ki koya mini?"

"A'a, na dai rubuta. Wata guda ina kallo ta tagar nan kafin in fara. Ga shi. Ogura-san tana fitowa shida da rabi, tana shiga gabanki taku huɗu. Hatta-san yana fitowa bayanta, shi ma taku huɗu. Sai su koma ciki su rufe ƙofa. Ƙarfe bakwai saura ki fito, su ma su sake fitowa kamar yanzu suka tashi. Tsakiya kawai kike sharewa, Okasan, taku huɗu. Na ga tsofaffi biyu suna wahala saboda bayanki, shi ya sa na ce bari in hutar da kowa."

Tomie ta karɓi littafin. Ga kwanan wata, ga lokaci, har da ɗan zane. Ita a zatonta taku biyu Ogura ke shiga, don tsokana, Hatta kuwa ta ɗauka iska ce ke kwashe ganyen wajensa. Shekara uku tana kai ƙarar matar nan gaban hoton mijinta, ashe asirinta take rufawa. Kuma ashe ba zagin ƙazanta ne ya fi ƙona wa Ogura rai ba, a'a, baƙuwa ce ta zo da jar tsintsiya ta tona abin da suka daɗe suna lulluɓewa. Kunya ta rufe Tomie tun daga kai har ƙafa, a ƙarƙashin kunyar kuma ta ji wani irin daɗi.

"Rubutunki ya yi kyau," ta ce, ta miƙa littafin.

"Wannan yabo ne ko faɗa?"

"Yabo ne. Kama ni in sauka."

Iska ta kwana tana kaɗawa, gari ya waye layin ya yi rawaya kamar an shimfiɗa tabarma. Tetsuro ya hau sama ya tsaya a taga. Halina ta zauna a zaure ta danne hannuwanta da cinyoyinta don kada su yi abin da ba a sa su ba. Ƙarfe bakwai saura Tomie ta ɗauko tsintsiyar gora daga bayan masaƙa, ta ja ƙofa.

Mai awara dai ba ɓangare ɗaya yake kai labari ba, tun jiya ya bi layi da zancen cewa Tetsuro zai kwana ya ga shara. Daga hagu an share taku biyar, daga dama taku biyar. Abin da ya rage mata ɗan siririn layin ganye ne mai faɗin taku biyu, tun daga dokin ƙofa zuwa tsakiyar hanya. Ogura tana can gabanta ta ba da baya tana ta fama da gindin tukunyar fure. Hatta yana kallon sama kamar mai jiran jirgi.

Tomie ta share taku biyun nan a tsanake, ganye bayan ganye, ba ta dafa bango ba ko sau ɗaya, duk da bayanta yana ce mata ta dafa. Ta kwashe. Sannan ta taka ta shiga gaban Ogura taku ɗaya, inda ko ƙura babu, ta share shi. Ta shiga gaban Hatta taku ɗaya, ta share. Ta ɗauki ludayi ta yayyafa ruwa.

Tetsuro ya sauko da jakarsa a hannu. A layin nan aka haife shi, da tsintsiyar nan aka kore shi makaranta, ba wanda zai koya masa awon taku.

"Okasan, takun Ogura-san ya girma."

"Ai ba ta da tarbiyya tun muna amare."

"Na Hatta-san ma."

"Shi kurma ne."

Ya buɗe baki zai tambayi abin da ya haɗa kunne da shara, sai ya fasa. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Ɗakinki na Yokohama yana nan," ya ce. "Zan ɗan ajiye kekena a ciki kafin nan."

Ya je gaban Ogura ya rusuna, irin rusunawar da ko maigidansa na ofis bai taɓa samu ba, ya daɗe bai ɗago ba.

"Me kuma na yi?" in ji Ogura. "Tetsuro, ka yi ƙiba. Maza kada jirgi ya bar ka."

Ya yi wa Hatta haka, Hatta ya ce masa i, za a yi ruwa da yamma. Tetsuro ya wuce. Halina ta fito da jakar makaranta, ta bi gefen bango saɗaf-saɗaf kamar mai tsoron taka ƙwai. Jar tsintsiyar daga baya gidan ibada aka kai wa, suna ta godiya har yau.

Layin ya rage su biyu. Tomie ta jingina tsintsiyarta, ta tsaya daidai kan iyaka, tana kallon dutsen da aka share.

"Ogura-san, tsintsiyarki ta yi tsawo kwanan nan."

Ogura ba ta juyo ba. "Idona ne ya lalace, Kuze-san. Ba na ganin iyaka. Ki yi haƙuri da tsohuwa."

"Ayya, sannu. Shekara nawa ke nan?"

"Uku."

Tomie ta gyaɗa kai, ta ɗauki bokitinta. Sai da ta sa ƙafa ɗaya a zaure ta tsaya.

"An ce layi ya yi yawa a asibitin ido. Kada ki wahalar da kanki da zuwa."